Sawun Ranar Laraba

Alhamis uku ke nan a jere ina wanke kwanuka ina ganin sawu a jikin dutsen da ke kallon tagar kicin ɗinmu. Ƙanƙara za ta sauka, dutsen ya yi fari tas, sai kawai a wayi gari da layi guda na mai zamiya a kan alluna ya gangaro tun daga ƙoli har bakin itatuwa, yana lanƙwasa. Mutum ɗaya ne, ba abokin tafiya. In ya juya dama, juyi ne gajere mai tsabta, in ya juya hagu sai ya yi faɗi kamar mai juya tirela.

A garinmu kowa da irin sawunsa, kuma mun san na juna. Mutum ɗaya na sani wanda ƙugunsa na hagu ba ya lanƙwasuwa, shi ne kuwa mijina, yana zaune a bayana yana shafa wa burodi man gyaɗa.

Na ce, "Lorne, zo ka ga wani mahaukaci."

Ya zo ya leƙa yana tauna. "'Yan birnin nan ne. Ba sa jin magana."

"Ɗan birni mai ƙarfe a ƙugu?"

"Haba Glenna, kowa da yadda yake juyinsa."

Bara a watan Fabrairu mu biyu muka hau dutsen nan da allunan zamiya, yadda muka saba shekara ashirin da biyu. Ƙanƙara ta zabtaro ta tafi da shi ina ji ina gani. Abin da ya cece shi shi ne 'yar na'urar da kowane mai hawa ke ratayawa a ƙirji: in an binne ka, ta abokin tafiyarka sai ta yi ta tsuwwa har ta kai shi kanka. Minti goma sha ɗaya na yi ina haƙa da shebur. Na tono shi leɓɓansa sun yi shuɗi, ƙugu a karye. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya rantse shi da dutse har abada. Ni kuwa ko rantsuwa ban yi ba, na dai jefa tawa na'urar cikin kwalin tsofaffin takalma na rufe.

Ba zan ɓoye ba, ban yarda da alkawarin mai ciwo ba. Tasa na'urar tana cikin durowar makullai, kuma da ka kunna ta sai ta nuna abin da ya rage a batir. Tamanin da bakwai cikin ɗari. Laraba ce ranar hutunsa daga tuƙa motar share ƙanƙara a hanya, ni kuma ranar nake wuni a gidan waya. Saboda haka duk Laraba in na dawo, kafin in cire safar hannu sai na buɗe durowar. Wuni guda a sanyin dutse sai ya ci uku ko huɗu daga batir. Kuma ba wanda ya tashi a nan da zai hau ba tare da ita ba, balle Lorne, da ya taɓa koro ƙanensa gida daga gindin dutse don ya manta da tasa.

Kullum tamanin da bakwai. Sai in ji kunya, har in ƙara masa nama a miya.

Amma kunyar ba ta kai wa safe. Mutumin da ya ce ya wuni faskare, ga itacen nan tsibi guda ba a taɓa ba, ya tashi da kwano uku na miyar wake. Hancinsa ya yi ja, kewayen idonsa fari, daidai inda tabarau ke zama. Na shiga rumfar ajiya na shafa fatun da muke mannawa a ƙarƙashin alluna don hawa, na ji su da danshi.

Ya ce, "Rufin ne ke yoyo."

"A sanyin da ko yawu ka tofar yana daskarewa kafin ya kai ƙasa?"

"To ni na yi rufin?"

Shi ya yi shi kuwa, da hannunsa.

Sannan ga maƙwabcinmu Baba Arvid, tsohon ma'aikacin layin dogo, wanda sanyi ke hana shi ko ɗauko wasiƙunsa. Matar mai gidan man fetur ce ta gaya mini wai duk Laraba tana ganinsa zaune a baranda cikin bargo, da madubin hangen nesa a hannu. Da na kai masa wasiƙu na tambaye shi.

Ya ce, "Tsuntsaye nake kallo, 'yata."

"Waɗanne tsuntsaye a watan Janairu, Baba?"

"Hankaki. Akwai wani gurgu da nake tausayi."

Ya faɗa yana kallon takalmina, bai yarda mun haɗa ido ba.

Laraba ta huɗu motar wasiƙu ta maƙale a bayan gari, aka sallame mu da sha ɗayan rana. Na tarar da wurin a-kori-kurar Lorne wayam, sai shatarta a ƙanƙara. Alluna ba sa rumfa. Na shiga kicin da takalmina na finciko durowar. Na'urar tana nan kwance tsakanin makullai da tsohuwar tocila. Na kunna, ta nuna tamanin da bakwai. Ashe ba da ita yake hawa ba, sai na fita da gudu.

Baba Arvid yana barandarsa, waya a kan cinya. Da ya gan ni ya miƙo mini madubin. Can sama kusa da ƙoli na hango ɗigo guda mai jar riga. Ni na sayi rigar.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Na ce masa ya ɗauki abar nan, ya ce kina dubawa. Shi ne nake zama da lambar masu ceto a hannu. Ba zai hana komai ba, amma ko ba komai zan iya nuna musu inda za su tona."

Ɗigon ya fara gangarowa. Dama gajere, hagu mai faɗi. A juyi na shida wata 'yar ƙanƙara ta ɓalle daga gefensa ta zubo kamar gari daga buhu, ta tsaya ita kaɗai. Ban san na damƙe kafaɗar tsohon nan ba sai da ya ce, "'Yata, ƙashin tsufa ne fa."

Ƙarfe biyu da rabi Lorne ya shigo da rungumar itace, wai shi mai faskare. Ya gan ni a tebur, ya ga na'urar a gabana. Ya ajiye itacen a hankali.

Na ce, "Ƙaryar ba ta dame ni ba, na san da ita tun Alhamis ta farko. Wannan fa?"

"In na kunna ta lambar za ta sauka."

"Sai ka sake batir!"

"Sai ta nuna ɗari, ki gane." Ya zauna, ya cire hula yana murza ta. "Na gwada zama, Glenna, wallahi na gwada. Wata goma ina share wa mutane hanya ina kallonsa ta gilashi. Ba na son ki sake shiga abin da kika shiga, shi ya sa na bar ta."

"Ka bar ta don kada hankalina ya tashi?"

"Eh."

"Kai, amma an yi sakarai a gidan nan."

Bai musa ba. Ni ma ban faɗi nawa sakarcin ba, amma na san shi. Laraba huɗu ina gadin lamba a durowa ina jin daɗi, ashe gadin nawa ne ya tura shi can sama ba abin da zai nuna inda yake. Kuma ko da ya rataya ta, sai da wata a kusa take aiki, ga tawa a cikin kwalin takalma.

Na tashi na ɗauko ta. Batirinta ya mutu, na ciro na tocila na saka mata. Har yanzu tsoron dutsen nan nake ji, kuma ban yafe wa Lorne ba, na gaya masa duka biyun. Sannan na rataya masa tasa a wuya na kunna, na koma bakin ƙofa na tsaya yadda mai jan gaba ke tsayawa a gindin dutse, kowa ya wuce ta gabansa a tabbatar tasa tana aiki kafin a fara hawa.

Na ce, "Laraba mai zuwa zan ɗauki hutu. Wuce in ji."

Ya taso yana ɗingishi. Tun yana taku uku da ni, ta hannuna ta fara tsuwwa.