Darar Asabar a Shagon Ifeoma

Shekara ashirin da biyu Baba Fatai da Malam Edward suka yi suna buga dara a gindin wata bishiya kusa da tashar jirgin ƙasa. Fatai tela ne a Fagge, Edward kuwa malamin makaranta. A shekarar da sojoji suka koma bariki Fatai ya binne matarsa Morufat. Bayan shekara uku ɓarin jikin Edward ya shanye, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Kaduna. Masu neman ƙuri'a sun cika bangon gari da fuskokinsu, duk suna murmushi, amma babu wadda za ka zauna ka yi hira da ita.

'Yar Edward ce ta haɗa musu dara ta intanet. Kowace Asabar bayan la'asar Fatai yakan tako daga Fagge, ya ratsa hayaniyar shataletalen Bata, ya shiga shagon kwamfutar Ifeoma a Sabon Gari. Wannan awa ɗaya ce kaɗai a mako da wani ke jiransa.

Mako biyar a jere yana shan kashi. Ba lissafi ne ya ƙwace masa ba. Sai ya ja ɗan dara da maus, wato linzamin kwamfuta, zuwa gidan dama, kibiyar da ke kan allo ta yi tsalle ta ajiye shi a na hagu, Edward ya cinye biyu ko uku a sama.

Ran nan yana zama ya tarar da saƙo a gefen allon: “Fatai, hannuna ne ya mutu, ba kaina ba. In sadaka kake ba ni, kai masallaci. Ka sake yi yau, na daina.”

Sau biyu ya karanta. Ya san Edward. Mutumin da ya taɓa yin wata shida bai gaida hedimasta ba saboda alli, in ya ce ya daina, ya daina.

“Ifeoma! Kwamfutar nan taki da aljanu.”

Ta taso daga teburinta tana cin gyaɗa. “Baba, aljanun ba sa taɓa kowa sai kai. Buga in gani.”

Ya ja ɗan darar a hankali har bakin gidan da yake so. Sannan ya ɗaga maus ɗin sama ya maka shi a tebur, kwas! Kibiyar ta zabura gefe.

Ifeoma ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. “Me ya yi maka da kake dukansa?”

“Haka ake ajiye ɗan dara. Ba ƙwai ba ne. Dole abokin wasa ya ji.”

“Yana Kaduna, Baba. Ko da guduma ka buga ba zai ji ba.”

Fatai ya mai da idonsa kan allo. Dariyar ta tsaya mata. Ta juya maus ɗin, ta ciro 'yar ƙwallon da ke cikinsa ta nuna masa: duk lokacin da ya buga, ita ce ke murginawa ta tafi da kibiyar. Ta goge ta da bakin zanenta ta mayar. Sannan ta buɗe wurin saiti.

“Ka gani? Samarin da ke wasan harbi sun kai gudun kibiyar ƙarshe.” Ta ja alamar gudun baya har ta wuce rabi. Ta cire wata 'yar shaida da ke ƙara wa kibiya gudu in hannu ya fizga. “Yanzu ja kawai, ka saki yatsa. Kada ka ɗaga.”

“Kamar ɓarawo.”

“Kamar mai son ya ci wasa.”

Ya gwada. Kibiyar ta bi hannunsa sannu, yadda yadi ke bi a ƙarƙashin allura. Sau biyu hannun ya so tashi, ya danne shi da ɗayan. Ya ba da ɗa guda da gangan, Edward ya haɗiye, shi kuwa ya kwashe uku. Kafin minti ashirin allon ya zama nasa.

Ya waiga. Kowa a shagon ya ba shi baya, kowa da allonsa. Ifeoma ta koma kan gyaɗarta.

Gefen allon ya daɗe babu komai. Da hannu ɗaya Edward ke rubutu, kuma ba shi ne hannun da ya saba ba. Fatai ya zauna yana kallon wurin, fanka tana juyawa a kansa.

Can rubutu ya fito: “Tsohon mugu. Sake jera su.”

Fatai ya laluba haruffan da yatsa ɗaya. “Kai za ka fara. Wanda aka ci ke farawa.”