Saura Cafa Ɗaya

Tun da aka turo ni Gumel daga Jos a 1996 nake musu da abokan aiki. Sun ce ko ƙwararrun Amurka yanzu ba mai iya goma-goma-goma a ƙwallon kwando har kakar wasa ta ƙare: maki goma, cafe ƙwallon da ta kuskure kwando sau goma, miƙa wa abokin wasa ya zura sau goma. Na ce Ishaƙ ɗinmu zai yi a gasar ma'aikata.

Ya yi a kowane wasa, har na Gagarawa da na Sule Tankarkar. Ranar wasan ƙarshe da Maigatari na kasa zama, sai safa da marwa nake a bakin fili. Maki da miƙawa sun cika, saura cafa ɗaya.

Ƙwallo ta daki ƙarfen kwando ta taso. Ishaƙ ya yunƙura, sai ya ga wanda ke ƙarƙashinta: Abdulƙahhar na Maigatari, yayan matarsa Zaituna. Ya sauke hannu, ya sunkuyar da kai. Aka busa tashi.

Na daka masa tsawa: "Ishaƙ! Ka fi shi tsawo fa!"

Ya ce, "Malam George, in ture Yaya a gaban jama'a? Da wane ido zan shiga gidan su Zaituna gobe?"