Mujiyar da Ta Yarda da Haliru

Duk matar da ta haihu a layinsu na Zongo, gidan Malam Haliru ake aikawa aron wuƙa. 'Yar ƙaramar nan ce mai naɗewa ta shige aljihu, wadda yaran Lome ke kira kanif. Shekara talatin ya yi yana sauke kaya a tashar jirgin ruwa, kuma duk ma'aikacin jirgin da ya ci goronsa sai ya bar masa guda. Ga mai ƙotar ƙaho, ga mai ƙotar jan ƙarfe, ga wata ja mai almakashi da tsinken sakace a cikinta. A tsohon gwangwanin biskit ya jera su, ranar Juma'a ya bi su ɗaya bayan ɗaya da man keken ɗinki. Mata kan sa su ƙarƙashin matashin jariri, wai ƙarfe na korar mujiya, don in ta gitta saman ɗaki sai yaro ya kama jijjiga. Haliru yakan miƙa wuƙar da hannu biyu, har da addu'a, ya koma ɗaki yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya san inda mujiyar take kwana, shi ne ma mai kai mata nama.

A tsohon injin niƙa na bayan gidansa take, wanda aka daɗe da rufewa aka bar wa ɓeraye. Amininsa Alassani tela ne ya fara ganin ta a kan azara. Fara ce tas, fuskarta a zagaye kamar mai lulluɓi, shi ya sa ya raɗa mata Hajiya. Bayan la'asar sai tsofaffin biyu su sulale ciki kamar ɓarayin akuya. Haliru ya yayyanka huhu ƙanana, Alassani ya tona curin gashin da take amayarwa da tsinin wuƙa yana lissafa kawunan ɓeraye, yana cewa Hajiya ta fi mage amana. Shekara shida suna haka, har ta saba, tana sauka a hannun kowannensu. Ba wanda suka gaya wa, don sun san garin da suke.

Zumunci ya yi daɗi har Razak ɗan Alassani ya auri Zahida, 'yar Haliru tilo. Da ta haihu, a gidan miji ta zauna wankan jego, tunda mahaifiyarta ta rasu. Haliru ya aika da wuƙa mai ƙotar ƙaho, wadda bai taɓa ba kowa aro ba. Kunya irin ta 'yar fari ta hana shi shiga da wuri, ya ce ranar suna zai ɗauki jikarsa. Kwana yake ƙirgawa da yatsu kamar yaro mai jiran salla.

Ranar kwana uku jaririyar ta yi zazzaɓi ta kama jijjiga. Aka ɗora ta a zemijan, wato acaɓa, sai asibiti, likita ya ce cibiya ce ta kama ƙwayar cuta, ya yi mata allura, kwana biyu aka dawo da ita tana tsotso. To amma wata maƙwabciya ta riga ta raɗa wa Mariyatu, matar Alassani, cewa ta sha ganin Malam Haliru yana shiga injin niƙa da nama a leda. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin azahar duk layi ya gano dalilin da ya sa mutum zai tara wuƙaƙe haka, kuma matan da 'ya'yansu suka yi barci a kan wuƙaƙensa suka fara tuno wanda ya yi tari da wanda ya yi gudawa. Razak ya maido wuƙar a naɗe a leda, bai ko zauna ba.

"Papa, Mama ta ce don Allah kada ku zo suna."

Haliru ya sa takalmi sai shagon Alassani. Ya iske shi ya duƙufa a kan keke, bai ɗago ba.

"Alassani, ni ake kira maye kana zaune?"

"Malam, ka san mata. In na buɗe baki, mu biyu za a haɗa, kuma yarinyar nan a gidana take." Ya cije zare ya tofar. "Ka kawo musu gawar tsuntsuwar, bakin kowa ya mutu. Shi ke nan ka zo ka ɗauki jikarka."

"Hajiya fa kake nufi."

"Tsuntsu ne, Malam. Jika ko tsuntsu, wannan ai ba abin shawara ba ne."

Haliru ya tsani maganar, ya ƙara tsanar ta don ya san gaskiya ce. Jajiberin suna, rana tsaka, ya shiga injin shi kaɗai. Hajiya ta buɗe ido ɗaya, ta karkata kai, ta sauko hannunsa tana neman huhu. Babu nauyi a jikinta, duk gashi ne. Ya yi bisimilla don baki ya saba, ya sa mata wuƙa, ya gama da sauri. Daga nan ya zauna a kan dutsen niƙa ya yi kukan da rabonsa da irinsa tun jana'izar matarsa.

Ƙofar gidan Alassani cike take, ana sauke kujerun haya, an ɗaure rago a gindin mangwaro. Haliru ya ɗaga gawar ta fukafukai yadda kowa zai gani, ya ce ga abin da ake zarginsa da shi, ya yanka da hannunsa. Mutane suka ja baya. Mariyatu ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta dubi tsuntsuwar sama da ƙasa.

"Baban Zahida, harbo ta ka yi?"

"A'a."

"Tarko ka sa?"

"Kama ta na yi."

"Da hannu? Mujiya ta tsaya maka da rana tsaka ka kama ta da hannu?" Ta juya wajen jama'a ta tafa. "To, kun dai ji da kunnenku, ba ni na faɗa ba."

Sai a sannan Haliru ya gane ramin da ya haƙa wa kansa. Ya nemi Alassani da ido, ya same shi tsaye bayan kujeru da carbi. Kalma biyar ta ishi Alassani: ni ma tana hawa hannuna. Daga cikin gida jaririyar ta callara kuka, murya gar, ta mai lafiya, Haliru ya yi taku ɗaya bai sani ba. Razak ya sha gabansa, ya riƙe ƙyauren.

"Alassani," in ji Haliru, "gaya musu."

Alassani ya ja carbi guda biyu, ya gyara murya.

"Gaskiya, Malam, ni dai tunda nake ban taɓa jin mutum ya kama mujiya da hannu ba."

Razak ya ce, "Papa, ku yi haƙuri," ya tura ƙyauren a hankali, ya sa sakata.