Jan Layi a Kan Tarun Kawu

Jirginmu na binciken ƙasan teku yana jan dogayen kebul a bayansa, cike da na'urorin sauraro. Bindigar iska ta buga, ƙasan teku ya amsa, manhaja ta shafa kore a taswira. Inda kebul bai bi ba, wurin ya zauna ja. Aikina in zura wa allon ido. Ba don takarda suka ɗauke ni ba. Ni ɗan garin Mtwara ne, nan bakin teku, ina jin bakin masunta.

Da hantsi ruwa ya karkatar da kebul ɗin. Jan layi ya fito, siriri, ta wajen gaɓa. Na san wurin. Nan Kawu Mshamu yake kafa tarunsa, shi ke nan gare shi.

Kitwana, shugabana a ɗakin na'ura, ya ƙwanƙwasa allon da cokalin shayi.

"Kai ɗan zamani, ka ga ramin nan a taswira? Juyawa za mu yi mu cike shi."

"Bai kai ya kawo ba. Manhaja za ta cike daga layukan gefe."

"Iyye! Sakandare ta yi magana. Masu ba mu aikin, kore suke so, ba ƙiyasi ba."

"Akwai taru a wurin."

"To kira danginka su kwashe tsummansu, ko jirgin rakiya ya datse."

Taru ba ya ɗaukuwa sai ruwa ya janye. Kitwana ya sani. Ɗan garin Kilwa ne, a gaɓar nan, ubansa ma masunci ne.

Na kira Kawu a waya.

"Kawu, ku ɗauke tarun. Jirgi zai biyo ta nan."

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Issihaka."

"Ɗan ƙanwata ba shi da jirgi. Tun da kuka fara buge-bugenku kifi ya gudu. Yanzu kuma tarun kuke so?"

"Ba ni na shata layin ba."

"Amma bakinka aka ara."

Ya kashe.

Muka juya. Jirgin rakiya ya wuce gaba da wuƙaƙensa na datse taru. Ban fita na duba ba. Na zauna ina kallon jan yana komawa kore, Kitwana yana fito a bayana.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ina jin ruwa yana dukan kwale-kwalensa.

"Igiya kawai na tsinta," ya ce. "Idan ka sauka, kada ka biyo ta ƙofata. Ci tuwonka na ugali a jirgi."