Hoton Lobsta a Ranar Godiya

A cocinsu na Woolwich, ranar godiya kowace uwa takan fito da rawa riƙe da hoton jika. Damaris kuwa hoton lobsta, wata dabbar teku mai kama da kunama, ta ɗaga sama.

'Yarta Kachollom ce ta yi gwajin da ya gano cewa 'ya'yan da ke cikin ƙwan dabbar ruwa-biyu ne: uwar 'yar tekun Amurka ce, uban ɗan Turai, a ruwan Ingila suka haɗu.

Ƙawarta Tabitha ta raɗa mata, "Maman Kachollom, wannan kunamar fa? Ina jikan?"

Damaris ba ta fasa rawa ba. "Jika ai kowa na da shi. Daga duwatsun Jos muka fito, amma yau 'yata Turawa ke tambaya labarin tekunsu. Matsa min in taka!"