Kogon Bayan Gonar Tumaki

Warrick ya zaunar da yayansa Noel a kujerar naɗewa ƙarƙashin itacen turare, ya rufa masa bargo a ƙafar da ba ta motsi.

"Ka bi ta hagun dutsen can mai tsaga," in ji Noel. "Kada ka faɗo, ba mai ɗauko ka."

"Kai dai riƙe shayinka, Yaya."

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Noel ya shanye, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a Mudgee. Sau uku kacal Warrick ya zo daga Sydney duba shi. A makon jiya Noel ya kira shi, ya ce yana so a dubo masa kogon da suka gano suna yara, a bayan gonar tumakin babansu da aka daɗe da sayarwa. Can suke ɓuya ranar askin tumaki, su gasa dankali. Rufinsa na da huda, da tsakar rana haske kan sauko kan yashi kamar faranti.

Warrick ya hau tudun da ke gabansu yana haki, gwiwoyinsa na ƙara. Kogon farko kashin awakin jeji ne kawai a ciki. Na biyu sai da ya ja ciki ya shiga, warin jemage ya koro shi. Na uku faffaɗa ne, mai sanyi, amma rufinsa a toshe yake. Ya zauna a bakinsa. Can ƙasa ya hango Noel ɗan mitsitsi, ya ɗaga kai yana kallon tudun. A da shi ke shiga gaba da tocila, Warrick na riƙe da bayan rigarsa.

Da ya sauko, Noel ya ce, "Yaya dai?"

"Na same shi. Yana nan yadda muka bar shi."

"Har hudar?"

"Har ita."

Noel ya yi dariya da rabin bakinsa. "Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba. Ai ba wannan tudun ba ne. Namu na gaba, bayan rafi. Tun da ka tsayar da mota na gane."

Warrick ya dube shi, ya dubi wandonsa da ya yage a gwiwa. "Ka bar ni na yi awa biyu ina rarrafe cikin kashin jemage? Me ya hana ka faɗa?"

Noel ya daɗe yana juya kofin a hannunsa mai lafiya.

"In ka same shi yau, me kuma zai kawo ka?"

Warrick ya karɓi kofin, ya zubar da sauran shayin da ya huce. Ya durƙusa ya ɗora hannun yayansa a kafaɗarsa.

"Tuddai nawa ne bayan rafin?"

"Da yawa," in ji Noel. "Ni ma ban tuna wanne ba ne sosai."

"To. Asabar ka shirya da wuri."