Dodon da Bai Haye Gada Ba

Dodon ya mutu a tsakiyar gada ranar Talata da hantsi, saura kilomita biyu ya shiga ƙauyen Agua Zarca. Babu wanda ya harbe shi. Tururi ne kawai ya turnuƙe daga ƙarƙashinsa, mutum goma sha ɗaya suka yi ta fitowa daga cikinsa suna tari, da bindigogi a hannu. Kafin a samo abin da zai ja tan ashirin na ƙarfe, mutanen ƙauyen sun kwashe 'ya'yansu sun haye tudu.

Herlinda ta ji labarin a rediyo tana niƙan masara. Ba ta tsaya ba. Ta san wanda ya ƙera dodon: mijinta ne, Casimiro mai walda.

*

Mako uku kafin nan, Kunama, ɗan bindigar da ke riƙe da garinsu da gonakin lemun tsaminsa tun da 'yan sanda suka janye, ya shigo garejin Casimiro da tifar sata da tulin farantan ƙarfe. A wannan yankin na Michoacán kowa ya san abin da ake yi da su: a lulluɓe motar da sulke, a huda mata ramukan harbi, a yi mata hancin rusa katanga, ta zama dodo.

"Baba, an ce hannunka babu na biyu," in ji Kunama, yana cin abincin da Herlinda ta kawo wa mijinta.

"Ƙofofi nake yi, sai kejin kaji."

"To, ga babban keji."

Yaransa suka yi dariya. A bakinsu Herlinda ta ji inda za a nufa da dodon: Agua Zarca, ƙauyen da ya ƙi miƙa wuya, inda 'yarsu Remedios take zaune da tagwayenta.

Shekara talatin da huɗu Herlinda ba ta taɓa ganin an kawo wa Casimiro aiki bai yi musu ba. Ko gishirin miya sai ya yi gardama a kansa. Ranar da aka gama aikin, Kunama ya zagaya motar, ya tsaya a gabanta, inda Casimiro ya bar siraran tsagogi don iska ta kai ga lagireto mai sanyaya injin. Ya zura yatsa.

"Wannan fa? Taga ka buɗe wa harsashi? Ta nan aka kashe mana wancan dodon na farko. Toshe!"

Herlinda ta jira musun. Casimiro ya dubi tsagogin, ya dube ta, ya sauke murfin walda a fuskarsa.

"Yadda ka ce, shugaba."

Ya liƙe gaban motar ruf, aiki sumul, har Kunama ya shafa yana yabo.

Da la'asar ta same shi yana wanke hannu.

"Tsoho, yau ba ka yi musu ba."

"Motarsa ce, tsohuwa."

"Injin zai sha iska?"

"A miƙaƙƙiyar hanya zai ɗan jure. Amma akwai hawa tara kafin gada."

"To mu bar garin nan yau."

"In muka gudu yau, gobe su kira wani ya duba aikin." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Kuma waken nan naki bai ji gishiri ba."

*

Washegarin mutuwar dodon, ranar Laraba da safe, yaran Kunama suka zo da farar mota suka tafi da Casimiro. Bai ɗauki komai ba. Murfin waldarsa yana kan teburin aiki.

Bayan kwana huɗu wani yaron Kunama mai haƙorin zinariya ya zo karɓar makullin gareji. Herlinda ta tsaya a bakin ƙofa, masu sayar da lemu na kallo.

"Mama, mijinki ya yi mana zagon ƙasa."

"Ya bar wa injin hanyar iska, shugabanku ya ce a toshe. Ina tsaye. Kai ma kana nan, har tafi ka yi."

"Ki iya bakinki."

"Je ka tambaye shi wa ya ce a toshe. A gaban yaransa za ka tambaye shi, ka dawo ka karɓi makulli."

Mutumin ya dubi masu lemu, suka sunkuyar da kai. Ya tofar da yawu ya shiga mota. Kafin yamma duk kasuwa ta san wa ya ce a toshe.

Remedios ta aiko sau uku a kan uwarta ta koma wurinta. Herlinda ba ta je ba. Kullum ƙarfe bakwai takan buɗe garejin, ta share shi, ta rataye murfin walda a ƙusar bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan shi.

Dodon an ture shi gefen gada, tayoyinsa sun sace. Matan Agua Zarca sun koma gida, kuma an ce kajinsu a cikinsa suke yin ƙwai.

Yau kwana arba'in da ɗaya ba a ga Casimiro ba.